Mudi da Akori-kurar Gado

Matso nan kusa, ɗan'uwa, ga gefen tabarma. In da abin da ka ɗora a wuta je ka sauke tukuna, don labarin Mudi na Ɗansoshiya ba a jin sa a tsaye. Abin da zan roƙe ka kawai, in dariya ta zo maka ka yi ta a hankali, saboda mutumin yana nan da ransa, kuma har yau in aka tayar da zancen nan sai ya kaɗe rigarsa ya bar majalisa.

Mudi manomi ne, kuma manomi na gaske. Masara, dawa, da ɗan rake a fadama. In ka ga kunyar da ya ja da shanu sai ka rantse da igiya aka auna ta. Ba ya shiga sabgar kowa, ba ya fashin jam'i. Aibinsa guda ne: ya yarda har cikin ransa cewa shi makanike ne.

Asalin abin daga mahaifinsa ne, marigayi Malam Alƙasim direba, wanda ya yi zamani da wata akori-kura ruwan toka, yana kwasar buhunan hatsi daga ƙauyukan Kiru zuwa kasuwar Tudun Wada. A bayan motar nan Mudi ya girma, a kan buhu yake barci. Da ya tasa sai uban ya kai shi wani gareji a Tudun Wada ya koyi gyara. Rani guda ya yi. An koya masa kwancewa, kafin a zo kan ɗaurawa damina ta faɗi, aka aiko ya komo gona, bai sake komawa ba. To ka ji inda matsalar take. Duk abin da ke jikin mota, Mudi zai kwance maka shi kafin ka gama alwala. Mayarwar ce sai yadda hali ya yi.

Shekarar da Malam Alƙasim ya rasu an yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, har katangar gabas ta gidan ta zube. Lokacin motar ta riga ta mutu a ƙofar gida, awaki suna kwana a ƙarƙashinta. Mudi ya ga ba zai iya kallon abin da ubansa ya bari yana wulaƙanta a titi ba, sai ya tara maƙwabta aka tura ta ta wannan giɓin zuwa tsakar gida, gindin mangwaro. Ya ce ɗan dubawa kawai zai yi mata. Bayan kaka aka buga tubali, aka yi gayya, aka tayar da katanga sabuwa fil, ta ma fi ta da tsawo. Mudi ne a sama yana jera tubali yana ba da umarni. Matarsa Hauwa ta leƙo daga rumfar da take suyar ƙuli-ƙuli, ta ce, "Baban Bahijja, motar nan fa..."

"Hauwa, maza na aiki. Kawo wa mutane kunu."

Ta kawo kunu. Aka gama gini aka yi yaɓe.

Daga nan mota ta zama ’yar gida, kamar rumbu, kamar randa. Kaji suna ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba. Kabewa ta yi yaɗo ta haye rufinta. Hauwa tana shanya barkono a kan bonet. Duk shekara in an gama girbi sai Mudi ya ɗauko buhun sifanoninsa ya ce bana kam za ta tashi, kuma duk shekara sai an yi ɓarna.

Akwai shekarar da ya rasa abin tokare ta bayan ya ɗaga, ya jawo turmin Hauwa na kirya, wanda ta zo da shi daga gidansu, ya cusa a ƙarƙashi. Yana sauke jak, turmi ya ce ƙas, ya rabe biyu. Akwai shekarar da ya kwance notuna ya rasa inda zai zuba, ya ga ƙwarya a kife ya zuba a ciki. Hauwa ta zo a gurguje ta juye masara a kai ta aika niƙa. Ƙarar da injin niƙan ya yi, an ce har a bakin kasuwa an ji, kuma mai injin ya daɗe ba ya amsa sallamar Mudi. Sai kuma shekarar da hularsa ta Sallah ta ɓata, wata mai aikin hannu shuɗi da fari da yake ji da ita. Ya birkita gidan nan kaf, ya ce Hauwa ce ta wanke ta bar ta a igiya aka ɗauke. Ta rantse, ya ce rantsuwa ba ta dawo da hula. Da tsohuwar hula ya je idi, fuska a murtuke.

Mahaifiyarsa, Inna Turai, tana ɗakinta tana kallon duk wannan. Mudi ɗanta ne na fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba. In za ta kira shi sai ta ce "kai wannan". ’Yar Doguwa ce, daga wani ƙauye can bayan duwatsu aka auro ta. Tsufa ya kama mata baya, ba ta iya zama na tsawon lokaci, sai kwanciya a kan katifa. Duk ’yan ɗakinsu sun rasu, saura yayanta guda, Kawu Ladan, wanda ya rage a ƙauyen.

Wata safiya gab da faɗuwar damina, ana zafin nan mai sa mutum ya yi ta duban gabas, sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Ghali ne, ɗan Kawu Ladan, mai sarin kifi a Tiga. Taubashin Mudi ne, ba sa haɗuwa a rabu ba a yi tsiya ba.

"Salamu alaikum! Injiniya yana ciki, ko ya tafi taron manyan makanikai?"

"Shigo, mai ƙarnin tarwaɗa. Tun daga zaure ƙudaje suka sanar da mu zuwanka."

Amma Ghali bai rama ba. Ya wuce ɗakin Inna ya durƙusa, ya gaishe ta yana murza makullin babur. Can ya ce, "Gwaggo, Baba ne jiki ya yi tsanani. Abinci ya daina shiga sai ruwan koko. Kuma ba ya kiran kowa sai ke. Ya ce a ce miki ki zo."

Inna ta yunƙura za ta tashi, bayan ya hana. Ta ce, "To me aka tsaya yi? A kai ni."

Kai ta ɗin ne aiki. Ba ta iya hawa babur. Motar haya kuwa cusa mutane ake yi kamar buhunan albasa, ita kuma sai a kwance. Ghali ya ce ya riga ya tsaya a Kwanar Dangora ya tuntuɓi direbobi kan shata, duk wanda ya ji sunan ƙauyen sai ya girgiza kai, ya ce hanyar duwatsu ce, motarsa ƙasa take, ga kuma rafin nan da ke gaban ƙauyen wanda in aka yi ruwa mai ƙarfi ba a ƙara haye shi da mota sai an ga hali. Hanyar sai mota mai tsayi mai buɗaɗɗen baya.

Mudi ya miƙe ya gyara tsayuwa. "Ga motar Baba."

Ghali ya waiwaya. "Wace? Akurkin kajin?"

"Motar da ta yi shekaru tana hawa duwatsun nan da buhu a bayanta. Abin da ya rage mata kaɗan ne."

Hauwa ta buɗe baki, ta dubi fuskarsa, ta rufe. Inna ta ce, "Kai wannan, ni ban san mota ba. In za ta tashi, ta tashi. Ni dai in ga Yaya da idona."

Daga wannan rana gidan bai ƙara samun sukuni ba. Aka tsige kabewa, aka kori kaji suna ta ƙorafi. Mudi ya kwance tayoyi ya gangara da su ɗaya bayan ɗaya ta ƙofar zaure zuwa wurin mai faci, ya komo da su ta nan. Ya aro batir wurin mai cajin waya. Ghali ya bar sarin kifinsa ya tare a gidan, shi ne ɗan aiken sayo wannan sayo wancan. Inna kuwa ta sa Hauwa ta ɗaure mata kayanta a zane, da ɗan ƙullin daddawa da kuka na tsaraba, aka ajiye a bakin ƙofarta.

Aikin farko juye ne, wato zubar da tsohon baƙin mai a sa sabo. Mudi ya shiga ƙarƙashi ya kwance notin gindin inji, tsohon mai ya tsiyaye, baƙi ƙirin kamar kwalta. Ya fito ya goge hannu, ya kafa mazurari ya shiga ɗura sabo. Ya ɗura, ya duba sandar awo, babu komai. Ya ƙara, ya duba, babu komai.

"Ka gani ko?" ya ce wa Ghali. "Injin kirki ke nan. Ƙishirwar shekaru yake kashewa."

Galan ya ƙare tas. Sai muryar Hauwa daga rumfa, a natse, "Baban Bahijja, motarka tana fitsari."

Ya sunkuya. Mai ya malale daga ƙarƙashin mota ya yi hanya har gindin mangwaro, kaji sun bi ta ciki sun wuce sun hau kan garin da Hauwa ta shanya, sun bar sawu reras kamar an yi zane. Aka shiga neman noti. Aka share ƙasa, aka zazzage buhun sifanoni, Mudi yana faɗa yana cewa gidan nan ba a ajiye abu a same shi. Sai da aka kira azahar, ya sa hannu a aljihu zai ɗauko carbi, ya ji abu mai sanyi. Bai ce wa kowa komai ba, ya koma ƙarƙashi ya ɗaura. Ghali dai ya gani, ya ce, "Injiniya, wannan carbin naka ƙwaya ɗaya ne?"

Sai aka sake neman mai. Ghali ya ari wata jarka rawaya a wurin Hauwa, ya tafi Kiru ya auno, ya dawo ya ajiye ta a inuwar rumfa, kusa da jarkokin man gyaɗan da ta matse a makon nan, su ma rawaya. Ya tafi masallaci. Mudi ya fito daga ƙarƙashin mota, ido duk ƙasa, ya sunkuci jarkar da ta fi kusa. Wanda bai sani ba ya sani, sabon man inji da man gyaɗa kusan launinsu ɗaya. Ya ɗura har ya kai alama, ya rufe, ya yi hamdala.

Da la'asar Hauwa ta ɗora kasko za ta soya ƙuli-ƙuli, ta tuntsura jarka. Kafin mai ya yi zafi wani wari ya bugi hancinta. Ta sauke kasko, ta lakato da yatsa ta shinshina, ta tafi wurin mota ta zare sandar awo ta shinshina. Ta leƙa ƙarƙashin mota.

"Baban Bahijja."

"Hauwa, ban ce in ina ƙarƙashin mota a daina yi min magana ba?"

"To fito. Man da na yi kwana da kwanaki ina matsa, wanda masu ƙosai ke jira gobe, yana cikin cikin motarka. Naka kuma ga shi a kaskona. Da ban shinshina ba da yau na kashe rabin unguwa."

Mudi ya fito ya dubi kasko, ya dubi jarka. Ya ce, "To wa ya ce a riƙa ajiye jarkoki iri ɗaya a wuri ɗaya?"

"Rumfata ce! Turmina, masarata, garina, yau kuma maina. Saura ni ka kwance ka zuba a ƙwarya!"

Ghali ya kama ciki ya zauna a ƙasa. "Ka bar shi a ciki mana, Injiniya. In mun isa Tudun Wada sai mu jefa ƙullu ta salansa mu karya kumallo."

Aka sake juye. Abin da ya tsiyayo Hauwa ko kallonsa ba ta yi ba.

Washegari aka zo tayarwa. Mudi ya murɗa makulli, inji ya yi kyar-kyar-kyar ya yi shiru. Ya sake, haka. Ya kwance fulogogi ya kankare ya mayar. Ya zuƙo fetur da baki ta tiyo har ya ƙware, ya yini yana gyatsar fetur. Ya kwance kafireta, mai haɗa fetur da iska, ya wanke ya ɗaura, wani ɗan ƙarfe ya ragu a hannunsa, ya sake kwancewa ya nemo masa wuri. Batir ya yi sanyi aka mayar caji, aka dawo da shi. Kyar-kyar-kyar. Rana ta faɗi, wata ya fito, ana abu guda.

Tsiyar Ghali ta fara raguwa. Duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara sai ya fita zaure ya amsa, ya dawo ba ya duban kowa. Da yamma gabas takan haɗe ta yi baƙi, iska ta kaɗa, sai kuma hadarin ya watse, kowa ya sauke ajiyar zuciya. Da farko Inna takan ɗaga murya daga ɗaki ta ce, "Kai wannan, ta tashi?" Daga baya ta daina tambaya. Wannan shirun ya fi komai cin Mudi. In ya ɗago kai daga cikin inji, abin da yake fara gani shi ne ƙullin kayanta a bakin ƙofa.

Ranar da abin ya kai maƙura, Ghali ya dawo daga zaure ya tsaya a kansa. Babu Injiniya a bakinsa. Ya ce, "Mudi, an ce tun jiya bai buɗe ido ba. In ba za ta yi ba ka faɗa min, in tafi ni kaɗai. Kada in rasa shi ina nan ina miƙa maka sifana."

Mudi kuwa gumi yana ɗiga daga gemunsa. Ya sake murɗa makulli, kyar-kyar, shiru. Wani baƙin ciki ya taso masa, ya ɗaga sifana ya maka wa tukunyar iskar da ke saman inji. Murfinta ya yi tsalle ya faɗi. Wannan murfin shi kaɗai ne bai taɓa ɗagawa ba, kullum tare da tukunyar yake cirewa ya ajiye gefe, ya mayar kafin ya murɗa makulli. A cikin maƙogwaron da iska ke bi ta shiga inji, ga wani abu a cushe tam. Ya sa yatsu ya jawo. Tsumma ne, ya yi dauɗa, ɓera ya ɗan taɓa gefensa. Ya warware. Aikin hannu, shuɗi da fari.

Sai a lokacin ya tuna. Ana jajibirin wata Sallah ya ga zanzaro yana shiga ramin nan zai yi gini, ya duba bai ga tsumma kusa ba, ya cire abin da ke kansa ya toshe, da niyyar in ya samo tsumma ya canja.

Hauwa ta taho a hankali, ta karɓi hular ta juya ta. "Ikon Allah. Wannan ba ita ce hular da na wanke na bari a igiya aka ɗauke ba?"

"Hauwa, ba lokacin wannan ba ne."

"Ai ban ce komai ba. Mamaki nake yadda ɓarawon ya dawo da ita."

Ya mayar da murfi, ya yi bisimilla, ya murɗa. Inji ya yi tari, ya yi atishawa, ya girgiza kamar jaki ya tashi daga birgima, sai ya kama. Ya kama! Hayaƙi ya turnuƙe gidan, da wani ƙamshi kamar ana suyar ƙosai. Kaji suka watse. Matan maƙwabta suka ɗauki guɗa ta kan katanga. Mudi ya tsaya hannu a ƙugu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙi ne.

Nan da nan aka shimfiɗa katifa a baya, aka kafa tamfol don rana, aka ɗauko Inna a hankali aka kwantar, ƙullin kayanta a gefenta. Ghali ya hau ya zauna kusa da kanta. Mudi ya shiga mazaunin ubansa, ya gyara madubi, ya sa giya. Mota ta motsa da kanta, karo na farko tun rasuwar Malam Alƙasim. Ta yi ’yar tafiya kaɗan. Ya taka birki, oda ta ce paaam, don garin haɗa wayoyi ya haɗe ta da birki. Bai ma kula da wannan ba. Gabansa yake kallo.

Katanga.

Ya dubi hagu, rumbu. Ya dubi dama, ɗakin Inna. Ya leƙa madubi, zaure ne da ’yar ƙofarsa wadda babur ma sai an karkata kansa yake shiga.

Guɗa ta tsaya. Inji kaɗai ke ta bugawa. Ghali ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce a hankali, "Injiniya, wai ta ina ta shigo?"

Mudi ya sauko. Ya je ƙofar zaure ya ware hannuwa ya auna, ya taho da hannuwan a ware har gaban mota ya gwada. Ko rabi ba su kai ba. Ya koma ya sake aunawa, kamar ƙofar za ta ji tausayinsa. Ya tsaya yana kallon katangar nan da ya gina da hannunsa, doguwa, mai kauri, yaɓenta ko tsaga babu. Can ya yi gyaran murya.

"Akwai dabara. In na kwance ta gunduwa-gunduwa, a fitar ta zaure, sai in haɗa ta a waje..."

"A'a!" Ghali da Hauwa da matan kan katanga, duk baki ɗaya.

Daga ƙarƙashin tamfol muryar Inna ta fito, siririya. "Me ake jira ne? Na ji iska ta canja."

Gaskiyarta. Gabas ta fara haɗewa.

To, ka san abin da rushe katanga yake nufi a bakin damina. Ba a buga tubali cikin ruwa, ba a gini sai kaka. Gida zai zauna a buɗe wata da watanni, awaki su shigo, mai wucewa ya ga tsakar gida. Kuma a jikin katangar nan rumfar Hauwa take, inda take suya, inda take neman na kanta. Mudi ya san duk wannan, shi ya sa ya kasa duban inda take.

Hauwa ta dubi ƙullin kayan Inna, ta dubi sama. Ta ɗaure zanenta tam, ta shiga rumfa ta fitar da kasko da jarkoki, ta ɗauko taɓarya. Ta zo gaban katanga ta ce, "Ranar da ake ginin nan na ce maka motar nan fa, ka ce in kawo kunu. Matsa."

Ta ɗaga taɓarya ta sauke. Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa ganin an daki abu da zuciya ɗaya haka ba. Turmi yana cikin dukan nan, da masara, da hula, da man gyaɗa. Yaɓe ya fara zuba. Maƙwabta suka ji, suka fito da diga da galma, mutanen da suka yi gayyar gini su ne suka yi gayyar rushewa, suna yi suna tambayar juna yadda aka yi duk cikinsu babu wanda ya lura. Kafin la'asar giɓi ya buɗe, daidai inda yake a da.

Tafiyar ba sai na ja maka ita ba. Sun bi ta Kwanar Dangora, suka miƙe Tudun Wada, suka ratsa dajin Falgore, hadari yana bin su a baya. Duk inda Mudi ya taka birki oda sai ta yi kuka, mutane suna ɗaga hannu suna zaton gaisuwa ce. Daga Doguwa suka saki kwalta suka kama hanyar duwatsu, wadda rabinta gangara ce, don haka oda ba ta huta ba. Sun haye rafi yayyafi yana sauka.

Da suka tsaya a ƙofar gidan Kawu Ladan, oda ta yi doguwar ƙara ta ƙarshe. Aka ɗauki Inna aka shiga da ita, aka kwantar da ita kusa da gadonsa. Tsohon ya rame ƙwarai. Ta kama hannunsa ta ce, "Yaya, ga ni." Ya daɗe bai motsa ba. Can ya buɗe ido, ya dube ta, ya ce da ƙyar, "Turai. Na ji odar Alƙasim tun daga kan dutse, na ce ko dai na riga na isa can ne." Ya ɗan ja numfashi, hancinsa ya motsa. "Wa ke suyar ƙosai?"

Ghali ya fita waje da gudu, ba a san ko dariya ce ta fitar da shi ko kuka ba.

Inna ta zauna a can. Kawu Ladan ya ƙara ’yan makonni, ita ke ba shi koko a baki, suna hirar mutanen da babu wanda ya san su sai su biyu. A gabanta ya cika.

Mudi kuwa, da ruwan rafi ya janye ya kamo hanyar gida shi kaɗai, yana jin kansa kamar wanda ya ci yaƙi. A bakin rafin ya tsaya ya ƙara wa lagireto ruwa, ya ɗora murfin a kan wani dutse don kada ya ɓata. Murfin yana nan kan dutsen har yanzu, in ba wani ya tsinta ba. Motar ta yi haƙuri iyakar haƙurinta, yana ƙara mata ruwa tana amayarwa, sai da ta hango Ɗansoshiya sannan ta yi tururi ta mutu. Shanun huɗarsa ne suka jawo ta. Da aka iso ƙofar gida ya dubi titi, ya dubi awaki, ya ce ba zai bar abin da ubansa ya bari a waje ba. Aka shigar da ita ta giɓin, zuwa gindin mangwaro. Ya ce ɗan dubawa kawai zai yi mata.

Haka Hauwa ta ci daminar nan da zana a madadin katanga, tana suya tana korar awaki. Yanzu ga kaka ta yi, an buga tubali sun bushe, an sa ranar gayya. Kan injin yana cikin wani tsohon daro, notuna suna cikin abin da ba a gano ba tukuna, kaji sun koma ƙarƙashin kujera. Mudi ya ce a fara gini kawai, kafin ya kai gwiwa zai tashe ta ya fitar. Hauwa ta jawo kujera ta zauna a tsakiyar giɓin, taɓarya a kan cinyarta, ta ce ba a ɗora tubali ko ɗaya sai an san matsayin motar nan. Inna, da ta dawo, ta ce ita ba ruwanta, amma a tuna akwai sauran dangi a Doguwa.

To kai da ka zauna ka ji, in kana cikin ’yan gayyar nan, ga tubali a hannunka, ga Mudi, ga Hauwa da taɓarya, za ka ɗora ko za ka ajiye?